Kaza ta kwanta ciwo: jiƙon gida, maganin shagon dabbobi, ko wuƙa?

Sati uku da suka wuce da sassafe, ko shayi ban ɗora ba, sai ga maƙwabciyata ta shigo da kaza a ƙarƙashin hijabi, wai Maman yara dan Allah duba min wannan, tun jiya ta ƙi ci, ta koma bayan randa ta takure. Goggonta ta ce a jiƙa mata barkono da ɓawon maɗaci, ƙanin mijinta ya ce a siyo kafson nan ja-da-yalo a kemis a zuba mata a ruwa, shi kuma maigidan ya ce kawai a kawo wuƙa kafin ta zama mushe a yi asara biyu. Kowa da nashi, kuma gaskiya duk gidan da ake kiwon kaji a garin Bauchi hanyoyin nan uku ne ake kai da kawowa a kansu. Ni na bi dukkansu, na ci riba a wata na sha kashi a wata, shi ya sa na ce bari in zauna in baje su yadda na gansu.

Amma kafin a zo kan zaɓi akwai abin da ba a shawara a kanshi, shine a raba ta da sauran a take. Kwando ne, tsohon kwali ne, koma menene, a kai ta wani lungu nesa da akurki inda ba iska mai kaɗawa, da mazubin ruwanta daban. Sannan ki tsaya ki kalle ta da kyau, dan kaza ba ta da bakin faɗa miki inda yake mata ciwo, kashinta da idonta da numfashinta ne suke magana. Kashin kore ne, fari ne tsululu, ko da jini a ciki? Tana buɗe baki tana jan numfashi da ƙara? Ido ya kumbura yana ruwa? Zankonta ja ne ko ya koɗe ko ya yi baƙi-baƙi? Ki ɗaga fiffike ki duba, ki duba wajen duburarta ko akwai ƙwarƙwata da ƙuma, ki shafa ƙashin ƙirjinta, in kika ji shi tsini kaman bakin wuƙa toh ciwon ya daɗe yana cinta ba jiya ya fara ba. Kar ki ce jikinta da zafi wai zazzaɓi ne, kaza lafiyayya ma zafin jikinta wajen digiri 41 ne, ya fi namu. Sai babbar tambaya wadda ita ce take raba gardama: ita kaɗai ce, ko akwai wasu da suka fara sanyi?

Toh jiƙon gida. Barkono, tafarnuwa, ganyen dogonyaro, ɓawon maɗaci, gautan kura, wasu har da ɗan kanwa. Amfaninshi a fili yake, ba ko sisi, yana nan a tsakar gida, ko ƙarfe goma na dare ne za ki iya haɗawa. Kuma ba zan ce ba ya komai ba, kazar da kasala ce kawai ta kama ta ko ɗan ɓacin ciki saboda ta ci ruɓaɓɓen abu a kwata, in aka ware ta aka ba ta ruwa mai tsafta aka kula da ita tana tashi. Sai dai ni abin da na lura, ba jiƙon ne yake tashinta ba yawanci, kulawar ce. Ranar da aka jiƙa maɗaci ranar ne aka wanke mazubin ruwan da ya yi sati yana gansakuka, ranar ne aka ɗauke ta daga cikin manyan da suke tsattsagarta suna hana ta ci. Barkonon nan ma da ake cewa yana ƙone cutar, tsuntsu ba ya jin yajin barkono kaman yadda muke ji, shi ya sa za ki ga kaza tana caccakar shanyar barkono hankalinta kwance. Illar jiƙo biyu ce. Na ɗaya ba shi da awo, yau ya yi tsinkakke gobe ya yi ɗaci har kazar ta ƙi shan ruwan gaba ɗaya, kuma kaza mara lafiya ƙishirwa ce take fara kashe ta kafin cutar. Na biyu yana cin lokaci, kina jiran maɗaci ya yi aiki kwana uku sun wuce, wanda in ciwon kashin jini ne kwana ukun nan sun isa ki kwashe rabin ƴan tsakinki a shebur.

Dan haka ni jinyar gida da na yarda da ita ba ta da wani sirri. Ruwa lita ɗaya, sukari cokali ɗaya, gishiri ɗan abin da yatsu biyu za su ɗauka, kar ya wuce haka dan gishiri in ya yi yawa guba ne ga kaza. In ba ta sha da kanta sai a samu sirinji a cire allurar a riƙa ɗiga mata a gefen baki kaɗan-kaɗan tana haɗiyewa, ba a ɗaga kanta sama a tuttula mata ba, ƙofar numfashinta tana nan a gindin harshe, mutane da yawa da hannunsu suke shaƙe kazar su ce ciwo ne ya kashe ta. Abinci kuma mai laushi, dusa da aka dama da ruwan ɗumi, tsakin masara, dafaffen ƙwai a marmasa. In hunturu ne a rufa kwandon da buhu da daddare a bar ɗan wurin shan iska.

Sai maganin bature, kuma nan dole in raba shi biyu dan ba ɗaya ba ne. Akwai kafso na mutane da ake siyowa a kemis a fasa a ruwa, akwai kuma na kaji na ainihi da ake samu a shagon maganin dabbobi ko asibitin dabbobi. Na farkon ni kam na bar shi. Ba ki san nawa kazar ta sha ba, yau a ba ta gobe a manta, jibi ta ɗan warware a daina, ƙwayar cutar ba ta mutu ba sai ma ta saba da maganin, wata rana ki ba da shi ya zama kaman ruwa. Na biyun shi ne yake da awo a jikin leda, cokali kaza a lita kaza na kwana kaza, kuma in aka dace da cutar aikinshi ba a haɗa shi da jiƙo ko kusa. Misali ciwon kashin jini, wanda likitoci suke cewa koksi, ya fi kama ƴan sati 3 zuwa 6 musamman da damina in ƙasan ɗaki ya jiƙe, amfiroliyam ne maganinshi a ruwan sha kwana 5 zuwa 7 kuma duk waɗanda suke tare ake ba. Tsutsar ciki, kaza tana ci amma tana ramewa, akwai fiferazin ko lebamisol. Murar nan mai kumbura fuska da majina mai wari ƙwayar bakteriya ce, tana jin magani irin su tailosin ko oksitetirasaikilin. Ƙurajen da suke fitowa a zanko da gefen ido lokacin sauro kuwa ba sa buƙatar wani dogon kashe kuɗi, a shafa aidin ko GV (shuɗin maganin nan na miki), a tabbatar tana ganin abinci, cikin sati biyu zuwa huɗu suna bushewa da kansu in dai ba su shiga cikin baki ba.

Inda maganin shago yake cin kuɗin mutane a banza shine annobar hunturu, wadda a asibiti suke kira Niyukasil. Duk mai kiwo ya san ta, daga Nuwamba zuwa Fabrairu in iskar nan mai ƙura ta taso, kaza ta saki fikafikai kaman ta yafa babbar riga, kashi kore, numfashi da kyar, wadda ta kwana biyu wuyanta ya murɗe tana kallon sama tana zagaye wuri ɗaya. Wannan bairos ce, kuma babu maganin kashe bakteriya da yake taɓa bairos, ko ledar nawa kika siya. Haka Gumboro ta ƴan tsaki. Abin da maganin zai iya kawai shine ya tare wasu cututtukan da suke hawa kan mai rauni, sai bitamin ya ɗan riƙe ta, amma ba warkarwa ba. Ni na koyi wannan da kuɗina. Wata shekara gab da hunturu na siyo wani jan zakara a kasuwa, kyakkyawa wallahi, ina dawowa na sake shi cikin kajina dan ɗoki, kwana biyar ya fara gyangyaɗi, cikin kwana goma kaji 17 saura 3. Leda huɗu na magani na siya a ƴan kwanakin nan, da na haɗa kuɗin sun kai na kaza biyu, ba ko ɗaya da suka tsayar. Cutar tana iya ɓuya a jiki daga kwana 2 har 15 kafin ta nuna, shi ya sa yanzu ko kyauta aka ba ni kaza sai ta yi sati biyu cur ita kaɗai, in da hali uku, kafin ta ga sauran.

Wani abu kuma da ba a cika faɗa ba, duk maganin da aka ba kaza yana zama a namanta da ƙwanta na wasu kwanaki, adadin kwanakin yana rubuce a jikin ledar, ki sa a karanta miki. Ba ki ba ta magani da safe ba da yamma ki ga ba ta tashi ba ki yanka a yi farfesu yara su sha. Dole ki zaɓi ɗaya tun farko, ko jinya ko wuƙa.

Toh wuƙar. Hausawa sun ce sabo da kaza ba ya hana yanka ta, kuma akwai inda ita ce shawara mafi kyau. Kaza ta karye, mashin ya taka ta, muzuru ya yage ta, mahaifarta ta zazzago wajen yin ƙwai, ko tsohuwa ce da ta daina ƙwai kuma kuɗin maganin zai kai rabin kuɗinta, wannan a yanka a ci ba wata damuwa. Amma in ciwo ne mai yaɗuwa lissafin ya canza. Wurin figa da wanke kayan ciki nan ne cutar take bazuwa, a zubar da ruwan a tsakar gida, a watsa hanjin bayan katanga, sauran kajin su bi su tsattsaga, shikenan an raba musu da hannu. Mafi muni kuma shine a kwashe su da sauri a kai kasuwa a karyar da kuɗi, kin tsira da ɗan abin da kika tsira da shi amma kin kai wa wata baiwar Allah gobara gidanta, irin yadda aka yi min da zakaran nan.

Akwai kuma inda hanyoyin nan uku duk ba a bin ko ɗaya. In kika wayi gari kaji uku, biyar, goma sun mutu farat ɗaya ba tare da sun yi wani dogon ciwo ba, kai ya kumbura, zanko ya yi shuɗi-shuɗi, ƙafafu da ɗigon jini a ƙarƙashin fata, toh a ji tsoron murar tsuntsaye. Da ido ba a iya raba ta da Niyukasil mai zafi, sai an gwada a ɗakin gwaji. Ta fara ɓulla a Najeriya a farkon 2006 a wata gona kusa da Jaji a jihar Kaduna, shine karo na farko da aka tabbatar da irinta mai suna H5N1 a Afirka, Bauchi tana cikin jihohin da ta shiga, ta sake dawowa a 2015, kuma tana kama mutum, a farkon 2007 an tabbatar ta kashe wata mata a Legas. Irin wannan ba a yanka, ba a ci, ba a sayarwa, a hana yara taɓawa, a sa leda a hannu a haƙa rami mai zurfi a binne yadda kare ba zai tono ba, ba a jefa a bola ko kwalbati ba, sannan a sanar da ofishin likitan dabbobi mafi kusa. Masu haɗa agwagi da kaji wuri ɗaya su ma su kula, agwagwa tana iya ɗauke da ita tana yawonta garau.

In an tambaye ni a ina kuɗi ya fi amfani, ba a kan kazar da ta kwanta ba ne, a kan waɗanda suke tsaye ne. Rigakafin Niyukasil iri biyu aka fi samu. Lasota ita aka fi sani, tana aiki sosai amma ba ta son zafi ko kaɗan, daga firij sai kula mai ƙanƙara, in an haɗa ta kuma cikin awa ɗaya zuwa biyu a gama, kuma ba da ruwan famfo mai kulorin ba, da yanayin wutar nan tamu dole ki san a hannun wa za ki siya. Ɗayar ita ce I-2 da cibiyar binciken dabbobi ta Vom a jihar Filato take yi, an yi ta ne dan kajin gida saboda ta fi jure zafi, ɗigo ɗaya a ido, babba da ƙarami duk awo ɗaya, a maimaita duk wata huɗu. Jure zafi ba yana nufin a bar ta a aljihu ana yawo a rana ba fa. Ga mai kaji goma ko ashirin masu yawo a tsakar gida ni I-2 zan ce in an samu, dan ɗigon ido kin tabbata kowacce ta samu, na ruwan sha kuwa wata ta sha da yawa wata ta je ta sha a gindin randa. Sai an yi wajen sati biyu kafin ta kama jiki, dan haka Oktoba ake yi ba sai an ji ana kuka a maƙwabta ba, kuma ba a yi wa wadda ta riga ta kwanta.

Saura makwanci, dan rabin ciwon daga nan yake tasowa. Akurkin laka namu na gado ba shi da tsada, yana da ɗumi da hunturu, muzuru da tunku ba sa shiga in an toshe ƙofar da kyau. Matsalarshi ƙofar nan ƴar ƙarama, tsintsiya ba ta kai wa lungu, kashi yana taruwa wata da watanni, iska ba ta ratsawa, ga tsagogin bango inda ƙuma take ɓuya da rana ta fito da dare tana shan jini har kaza mai kwanci ta gudu ta bar ƙwai. In shi kike da shi toh a ƙara faɗin ƙofar, a huda ƙananan tagogi ta sama, lokaci-lokaci a fitar da kajin a cusa ƙaiƙayi ko karmami a kunna wuta a ciki ta lashe bangon, in ya huce a share a barbaɗa toka. Kar a fesa fiya-fiya kaji suna ciki, na san gidan da ƙumar ta mutu kajin ma suka bi ta.

Kejin katako da waya wanda aka ɗaga daga ƙasa shi ne na fi so ga ƙaramin kiwo. Kashin yana zuba ƙasa ba sa kwana a kanshi, wannan kaɗai yana rage koksi da tsutsa sosai, ga iska, ga sauƙin shara. Amma shi ma da nashi, da hunturu sanyi yake kamar me sai an rufe gefen arewa da gabas da buhu inda iskar take bugowa a bar sama a buɗe, a watan Maris da Afrilu kuma in rufin kwano ne yana tsakiyar rana sai ya zama tanda, sai a kai shi gindin bishiya ko a ɗora zana a kai. Kuma ɓarawo yana iya ɗaukarshi ɗungurungum, wannan ma lissafi ne.

Ɗakin bulo mai shimfiɗa a ƙasa sai in kajin sun haura talatin ko burola da noila kike yi. Ya fi tsada, kuma duk lafiyarshi tana kan shimfiɗar ne, buntun shinkafa daga wajen masu casa ko diddigar katako mai kauri, ba garin nan mai laushi ba da ƴan tsaki suke ci, a zuba ya kai tsawon yatsa ko fiye, ana juyawa, inda ruwa ya zuba a kwashe nan take musamman a watan Agusta. Gwajin mai sauƙi ne, ki durƙusa ki kai fuskarki daidai tsayin kaza, in warin ya sa idonki yaji toh haka suke shaƙa dare da rana, daga nan mura take farawa. Kajin gida uku zuwa huɗu a kowace mita ɗaya tsawo da faɗi ya ishe su. Daɗinshi dai in an kwashe shimfiɗar manoma suna siya taki ne mai kyau. Kowanne kika zaɓa a cikin ukun, a sa musu sandar hawa su kwana a kai, a ajiye tsohon baho da toka da yashi su riƙa birgima, mazubin ruwa kuma kullum a wanke.

Ita kazar maƙwabciyar tawa da muka duba, ido ɗaya ne ya kumbura da majina mai wari, kashinta lafiya, sauran kajin gidan garau. Na ce mata Yaya wannan ba ta wuƙa ba ce ba kuma ta barkono ba ce, aka kai ta wajen malamin dabbobi ya ba da na kwana biyar, muna wanke mata idon da ruwan ɗumi, a rana ta huɗu ta fara tsattsagar tsaki da kanta. Ya dai gaya mata irin wannan ko ta warke tana iya riƙe cutar tana shafa wa wasu, dan haka har yanzu tana kwandonta a bayan kicin, sun yanke in kwanakin maganin sun fita za su yi miya da ita ranar Juma'a. Da muka leƙa akurkin nasu da tocila kuwa bangon har motsi yake dan ƙuma, washegari yaranta suka sha aikin ƙona ƙaiƙayi. Kwalbar rigakafi ɗaya ta fi ƙarfin kajin gida ɗaya, shi ya sa muka haɗa kuɗi mu gida biyar a layinmu, ranar Asabar bayan sallar asuba kafin a buɗe akurki za a bi gida-gida a ɗiga musu. Sirinjina dai har yau ba ta dawo min da shi ba.